Kwana uku a kan ƙwaya mai ƙafa takwas

Ƙanwar matata ce ta shigo shago da kwamfutar, ta naɗe ta cikin zane, ana tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa a Tawa da azahar. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, saura mata makonni kaɗan ta tsaya gaban malamai ta kare kundinta. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Yaya, ta mutu. Komai nawa yana ciki."

Na sa ta ta zauna ta sha ruwa, sannan ta ba ni labari daga farko. Da daddare kwamfutar ta nuna mata saƙon sabuntawa, ta amince, na'urar ta mutu ta sake tashi, wani layi ya fara cika a hankali a kan baƙin gilashi. Ya kai wajen rabi aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar kuwa ya fi shekara da mutuwa, sai a jikin caja take aiki. Da wuta ta dawo ta danna maɓalli, fitila ta kama, fanka ta juya, gilashi baƙi ƙirin. Har safiya haka.

Kafin in taɓa komai na ciro faifan ajiya, na haɗa shi da tawa kwamfutar, na kwafe kundin da duk takardunta na zuba mata a kile biyu, wato ƴan ma'ajiyar USB. Minti ashirin aka yi, hankalinta ya dawo jikinta. Amma ba ta da wata na'urar da za ta ƙarasa aikin da ita, kuma na san yadda aka haɗa kuɗin wannan ɗin, don har da hannun matata a ciki. Na ce ta ba ni kwana biyu. Uku na ci.

Gwaje-gwajen da kowane mai gyara yake yi na yi su a gurguje: na canza RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, na haɗa gilashin waje, na cire ƙaramin batirin agogo na bar shi ya huce, na gwada maɓallan da ake dannewa don na'ura ta ɗauko BIOS, ƴar manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin komai, daga kile ta farfaɗo da kanta. Shiru. Labarinta da alamun sun yi daidai da juna, an yanke wa BIOS rubutu a tsakiya.

BIOS ɗin yana zaune ne cikin wata ƴar ƙwaya baƙa mai ƙafafu takwas, ba ta kai ƙwayar wake ba, liƙe a jikin babban farantin kwamfuta, wanda muke kira kart-mer. Mu nan pus muke ce mata, masu gyara na Sakkwato da Kano su ce aisi. Da na sa gilashin ƙara gani na karanta bayanta, ta kamfanin Winbond ce, W25Q64FV. Lambar 64 ɗin megabit ce, wato megabayit 8, bayit 8,388,608 cif. Haruffan ƙarshe sun fi lambar muhimmanci a wurin mai gyara. Wannan tana aiki tsakanin bolt 2.7 da 3.6. Tana da ƴar'uwa mai ƙarewa da FW, kamarsu ɗaya, girmansu ɗaya, amma ita bolt 1.8 take ci, kuma wanda ya ɗora mata 3.3 kai tsaye yana iya ƙone ta da duk abin da ke cikinta. Ban taɓa haɗa waya ba sai na karanta haruffan nan na duba takardar bayanin ƙwayar.

Ina da ƴar na'urar USB ta karanta irin waɗannan ƙwayoyi, mai araha, wadda kusan kowane shago yake da ita. Na ajiye ta tun ranar da na sa mita a wayoyinta na ga tana fitar da kusan bolt 5 a layukan saƙo, alhali wurin wutar yana nuna 3.3. Abokan sana'a da yawa suna aiki da ita haka nan, su ce ba ta taɓa ɓata musu komai ba. Mai yiwuwa ne. Ni dai ba zan gwada sa'a da kayan surukai ba. Sai na ɗauko Raspberry Pi 3 ɗina, kwamfutar nan mai faranti ɗaya da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda wata gidauniya a Ingila ta fara fitar da samfurinta na farko a 2012 don koyar da yara. Tana da tsinkaye 40 a jere biyu, kuma duk saƙon da ke fita daga cikinsu bolt 3.3 ne, daidai abincin ƙwayar.

Hanyar da suke magana da juna ana kiranta SPI, tsohuwar dabara ce ta kamfanin Motorola tun shekarun 1980. Wayoyi huɗu ne: ɗaya ta kira ƙwayar ta ce da ke nake, ɗaya ta buga kiɗan da ake bi, ɗaya ta kai saƙo, ɗaya ta dawo da amsa. Na buɗe SPI a cikin raspi-config, wurin da ake saita Pi, na sake tayar da Pi, na ga /dev/spidev0.0 ya bayyana, na saka manhajar flashrom, mai karanta ƙwaya da yi mata rubutu. Haɗin kuwa haka yake: ƙafar ƙwaya ta 1 zuwa tsinken Pi na 24, ta 2 zuwa na 21, ta 4 zuwa mas, wato layin da wuta ke komawa, a na 25, ta 5 zuwa na 19, ta 6 zuwa na 23, ta 8 zuwa wutar 3.3 a na 17, sannan ta 3 da ta 7 su ma a ɗaure su da 3.3. Wanda zai bi wannan ya kula, tsinkayen Pi suna da lamba iri biyu. Akwai lambar mazauni, wadda na kawo nan, akwai kuma lambar GPIO, wadda manhajoji ke kiran tsinke da ita. Tsinke na 19 shi ne GPIO 10, na 21 shi ne GPIO 9. Mutane da yawa nan suke fara ɓacewa.

Don kada in cire ƙwayar daga faranti, na yi amfani da matsi mai haƙora takwas, irin abin matse wanki a igiya, wanda ke cizon ƙafafun duka lokaci ɗaya. Na cire caja, na cire mataccen batiri da na agogo, na ɗana matsin, jar wayarsa a gefen ɗigon da ke nuna ƙafa ta 1. Na ba da umarni:

flashrom -p linux_spi:dev=/dev/spidev0.0,spispeed=8000 -r karatu1.bin

Amsa ta zo nan take: No EEPROM/flash device found. Ba ta ga kowa ba.

Na cire matsin na mayar ya fi sau goma. Na wanke ƙafafun da alkol da tsohon buroshin haƙori, don ƙurar Adar ba inda ba ta shiga, kuma wasu farantan ana shafa musu wani ruwa mai sheƙi da ke hana haƙoran matsi taɓa ƙarfe. Amsa ɗaya. Daga nan na daina taɓe-taɓe na raba matsalar gida biyu, ko Pi ce ko waya. Gwada Pi abu ne mai sauƙi: ka haɗa tsinke na 19 da na 21 da gajeriyar waya, bakin da ke magana ya koma kunnen da ke saurare, ka kunna ƴar manhajar spidev_test. In abin da ta aika shi ya dawo, lafiyarta lau. Ya dawo daidai. Saura waya.

Na sa mita a kan ƙara, na bi haƙoran matsi ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙarshen wayoyinsa, nan na ga kuskurena. Wayoyin matsin a manne suke kamar tabarma, guda takwas a jere, ni kuma na ɗauka daga ja zuwa ƙarshe 1, 2, 3 ne har 8. Ashe tsallake suke yi tsakanin gefe biyu: 1, 8, 2, 7, 3, 6, 4, 5. Dalili shi ne lambar ƙafafun ƙwaya zagaye take yi, ta sauka ta gefe ɗaya ta hau ta ɗayan, ta 8 tana kallon ta 1, ta 5 tana kallon ta 4. Na shafe awa biyu ina ba ƙwayar wuta ta inda ba bakinta ba. Gabana ya faɗi da na gane haka. Allah ya kiyaye, da na gyara haɗin sai ga sunanta a gilashi, Winbond, kilobayit 8192, kuma karatu ya tafi har ƙarshe ba tare da wani ƙorafi ba.

A nan ne na kusa yin ɓarnar da ba ta da gyara. La'asar ta yi, fayil yana hannuna, girmansa daidai, manhaja ta ce ta gama. Zuciyata ta ce kwafin asali ya samu, a wuce ga goge ƙwayar a rubuta mata sabon BIOS. Abin da ya tsayar da ni al'ada ce kawai da na ɗora wa kaina tuntuni: karatu ɗaya ba shaida ba ne. Na sake karantawa na sa masa suna karatu2, na auna su biyun da sha256sum, wadda ke ba kowane fayil hatimi mai harafi 64, in ko bit ɗaya, wato 1 ko 0 guda, ya canza hatimin gaba ɗaya ya canza. Hatiman ba su yi kama ba. Na yi na uku, shi ma nasa daban. Na sa cmp ta ƙirga mini wuraren saɓani, dubbai ne, a warwatse, kuma ba wuri ɗaya suke maimaituwa ba.

Abin da ya kamata duk mai wannan aiki ya sani shi ne SPI ba ta da hanyar gane ƙarya. Pi tana buga kiɗa, a kowane bugu ta leƙa waya ta ga ko sama take ko ƙasa, ta rubuta 1 ko 0. In wutar ta yi rawa a daidai lokacin, za ta rubuta abin da ta gani ta wuce, ba wanda zai ce mata ta yi kuskure. Manhaja ta ce ta gama, gaskiya ta faɗa, ta gama ɗin. Ba ta ce abin da ta kwaso shi ne abin da ke ciki ba. Da na goge ƙwayar bisa dogaro da karatu na farko, da na wanke asali na riƙe gurɓataccen kwafi, kuma a cikin asalin nan akwai abubuwan da babu su a ko'ina a duniya sai nan. Zan zo kansu.

Na fara da abin da na sani. Na rage gudu daga kilohaz 8000 zuwa 1000, saɓanin ya ragu sosai. Na sauka 512. Na dubi wayoyina, na matsi da na ƙari da na jona masa sun haura santimita 40, na yanke su suka dawo wajen 12. Doguwar waya eriya ce, tana kwasar hayaniya, kuma saƙon da ke gudu a cikinta yana dukan ƙarshe ya dawo. Daga dubbai aka koma ɗaruruwa, wani karatun ma gomomi. Amma bai kai sifili ba, kuma a wannan aiki bambancin bayit ɗaya da na dubu duk ɗaya ne. Aka kira magariba na rufe shago raina a jagule.

Shagon ba nawa ba ne ni kaɗai. Na uban gidana ne, wanda ya koya mini riƙon ƙarfen dalma tun ina yaro, ya yi shekara fiye da talatin yana gyaran rediyo da talabijin a garin nan. Bai san Linux ba, babbar manhajar da Pi ke aiki da ita, bai kuma damu ya sani ba. Washegari da safe ya same ni ina ta maimaita umarni, ya tsaya a kaina ya daɗe, sannan ya ce, "Kai yaro, tun jiya kake tambayar gilashi. Ka tambayi wutar?"

Na ce, "Baba, 3.3 ce, daga Pi take fitowa."

"Daga can ta fito. Nan fa, nawa ta iso?"

Ya ɗauki mitarsa, tsohuwa mai allura, ya ɗora baki ɗaya a ƙafa ta 4, ɗaya a ta 8, ya ce in sa ta karatu. Allurar ta tsaya ƙasa da inda ya kamata, tana ɗan rawa. Na kawo tawa mai lamba na tabbatar, 2.5 ne, wani lokacin 2.6. Ƙwayar da ba a yi mata alkawarin aiki ƙasa da 2.7 ba. Duk yinin jiya yunwa take ji, ni kuma ina zargin waya.

Dalili biyu muka samu. Na farko daga wajena ne: cajar salula na sa wa Pi, alhali Pi 3 tana son bolt 5 da amfa 2.5. Ita kanta ta yi ta faɗa mini, akwai alamar walƙiya da take nunawa a kusurwar gilashi in wuta ta gaza, amma ni ta salula nake shiga cikinta ban haɗa mata gilashi ba. Da na tambaye ta da vcgencmd get_throttled ta nuna ta sha ƙarancin wuta. Na biyu shi Baba ya fi ni ganewa, don tsohon ciwo ne a gyaran talabijin. Ƙafa ta 8 ba ita kaɗai ce a layinta ba. Layin wutar nan ya ratsa faranti, akwai wasu ƙwayoyin a kansa. Duk wanda ya ba ta wuta ta matsi, ya ba maƙwabtanta. Ƴar Pi tana ƙoƙarin ciyar da gida guda da tuwon mutum ɗaya. Kuma abin bai tsaya ga ci ba, maƙwabtan in suka sami ƴar wuta farkawa suke yi, su ma su fara jan wayoyin saƙon nan guda huɗu, don a rayuwar kwamfutar ta kullum su ne masu magana da ƙwayar. Baki biyu a waya ɗaya.

Na canza caja, wuta ta hau 3.0 da ƴan kai. Karatu biyu suka zo daidai, na uku ya saɓa da bayit goma sha. Na so in ce biyu sun rinjayi ɗaya. Baba ya girgiza kai ya ce, "Ciro ta. Sannu ba ta hana zuwa."

Ba na son cire ƙwaya in akwai wata hanya, don kusa da ita akwai ƙananan kaya kamar ƙwayar gero da iska ke iya hurewa. Na rufe su da tef mai jure zafi, na shafa man dalma, na kunna na'urar iska mai zafi ina zagaya ƙafafun a hankali har dalmar ta yi ƙyalli, na ɗaga ta da matsefata ba tare da ja ba. Wanda ya ja kafin dalma ta narke duka, da tagullar faranti zai taso. Kafin in ɗaga na ɗauki hoto don in tuna inda ɗigon yake kallo. Na liƙa ta a ƙaramin farantin gwaji, na sa mata ƴar kondansata mai nanofarad 100 tsakanin ƙafa ta 8 da ta 4, wayoyi gajeru. Pi kuma na ɗauke ta daga wutar gari gaba ɗaya na mayar da ita kan batirin sola na shago, don abin da ya kashe kwamfutar tun farko kada ya same ni ina tsakiyar rubutu. A bazara ba ka da tabbacin minti goma.

Mita ta nuna 3.3. Karatu uku a jere, hatimi ɗaya. Na ƙara na huɗu da wani gudu daban, shi ma ɗaya. Na kwafe fayil ɗin a kwamfutata, a kile, na kuma aika wa kaina ta intanet, kafin in ƙara taɓa komai.

Sai na buɗe shi in ga ciwon da idona. A kwamfutocin Intel, ƙwayar ba BIOS kaɗai take ɗauke da shi ba, gida ne mai ɗakuna. Kilobayit 4 na farko taswirar gidan ce, kuma ana gane ta da haruffa 5A A5 F0 0F bayan bayit 16 na farko. Ganinsu ya ƙara kwantar mini da hankali cewa karatun na gaskiya ne. Bayan taswira akwai ɗan ƙaramin ɗaki mai riƙe da lambar MAC, wato lambar shaida ta katin sadarwa, sai ɗakin ME, wata ƴar kwamfuta ce a cikin kwamfuta da ke tashi kafin babbar, sannan BIOS a ƙarshe. Manhajar ifdtool ta mutanen coreboot ta raba mini su ɗaki-ɗaki. Ukun farko lafiya lau. A cikin BIOS kuwa, na gangara na gangara sai rubutu ya yanke, FF FF FF, shafi bayan shafi, fiye da megabayit guda, sannan rubutu ya ci gaba.

Baba ya tambaye ni mene ne FF ɗin, na rasa yadda zan faɗa sai na tuna allo. Ƙwayar filash kamar allon almajiri take. Wankakken allo, kowane bit a cikinsa 1 ne, takwas a jere su ne FF. Rubutu shi ne mayar da wasu 1 su zama 0, kamar ɗora tawada. Tawada kana iya ƙara ta, amma ba ka iya ɗage ta daga harafi ɗaya, sai dai ka wanke. Ƙwayar ma haka, ba ta iya mayar da 0 ya koma 1 shi kaɗai. Mafi ƙanƙantar abin da take wankewa kilobayit 4 ne a lokaci ɗaya, akwai kuma wankin 32 da na 64, rubutu kuwa bayit 256 take ɗauka a kowane zubi. Don haka duk sabuntawa wanki ne sannan rubutu, kuma tsakanin su biyun akwai lokacin da tsohon karatu ya tafi, sabo bai zo ba. A daidai wannan gaɓar aka ɗauke wa yarinyar wuta. Gaba sabon rubutu, tsakiya farin allo, baya tsohon rubutu. Kwamfutar tana tashi ta fara karatu daga ƙarshen ƙwayar inda tsohon yake, fanka ta juya, sai a aike ta tsakiya ta tarar ba kowa, ta tsaya nan.

Baba ya yi shiru, sannan ya ce to in ba wuta me ke riƙe tawadar. Na gaya masa abin da na karanta: kowane bit wani ɗan tarko ne da ake cusa wa caji a rufe, ba ya fita ko an kashe wuta. Wani injiniya ɗan Japan, Fujio Masuoka, ya ƙirƙiro dabarar a kamfanin Toshiba, ya gabatar da ita a 1984. Takardar wannan ƙwayar ta ce tana riƙe rubutu fiye da shekara 20, tana jure wanki sau 100,000. Ya ce to ba tsufa ke kashe su ba ke nan, mu ne.

Saura samun sabon rubutu. A rukunan masu gyara na WhatsApp ana ta yawo da cikakkun fayilolin BIOS da aka kwaso daga wasu kwamfutoci, ka faɗi samfurin na'ura a turo maka cikin minti biyar. Suna ceton mutum in asali ya ɓace, ban raina su ba. Amma cikakken fayil na wata na'ura yana zuwa da kayan waccan na'urar: lambarta ta siriyal, lambar MAC ɗinta, lasisin Windows ɗinta, da ɗakin ME da ya riga ya saba da wani faranti. Daga nan ake samun kwamfutar da ta tashi amma tana jinkirin nuna hoto, ko fanka na ihu ba dalili, ko ta mutu da kanta bayan minti talatin. Ni ina da asali a hannu, ɗaki ɗaya kawai ya rushe, ba dalilin rushe gidan duka.

Na sauko da fayil ɗin sabuntawa daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, na samfurinta daidai. Ba a zuba shi haka nan, a naɗe yake cikin wasu bayanai na manhajar da ke girka shi. Na buɗe shi da UEFITool na ciro sashen BIOS tsantsa, na duba girmansa ya yi daidai da ɗakin da taswira ta nuna, bayit da bayit. Sannan na koma tsohon karatu na nemi lambar siriyal da ke rubuce a takardar ƙasan kwamfutar. Na same ta a sashen da wanki bai kai ba, da lasisin a kusa da ita, wurin da a sabon fayil FF ne zalla. Na kwafe wannan yanki na dasa shi a mazauninsa cikin sabon, na mayar da ɗakin cikin gidan da ifdtool. Jimla 8,388,608. In ya ƙaru ko ya ragu da bayit ɗaya flashrom ba za ta karɓa ba, kuma tana da gaskiya. Wannan aikin shi ya cinye yinin na biyu har dare.

Rana ta uku da safe na yi bisimilla na canza -r, umarnin karatu, zuwa -w, umarnin rubutu. Flashrom ta karanta abin da ke ciki, ta zo wanki, ta tsaya. Ta ce ta kasa cire kariya, wanki bai yiwu ba, sannan ta sake dubawa ta ce babu abin da ya canza a ƙwayar. Wannan layin na ƙarshe shi ya hana ni firgita.

Wannan karon ban tambayi gilashi sau biyu ba, mita na ɗauka. Ƙafa ta 8, 3.3. Ta 7, 3.3. Ta 3, kusan sifili. Ƙafa ta 3 ita ce sakatar rubutu. A cikin ƙwayar akwai ƴar rajista mai cewa sashe kaza a kulle yake, flashrom kan buɗe ta da kanta kafin ta yi rubutu, amma in an saita kullen ya dogara da ƙafa ta 3, kuma ƙafar tana ƙasa, rajistar ba ta taɓuwa. Da na sa gilashin ƙara gani na ga dalmar da na yi wa ƙafar a farantin gwaji ba ta kama ba, ta yi dunƙule a gefe, ƙafar na zaune a kanta ba su haɗu ba. Karatu bai damu da ita ba, shi ya sa jiya ban lura ba. Na taɓa ta da ƙarfen dalma daƙiƙa biyu, mita ta nuna 3.3.

Na sake ba da umarni. Flashrom ba ta wanke ƙwaya duka, tana gwada tsoho da sabo ta taɓa inda suka bambanta kawai, don haka taswira da ME da lambar MAC ko kusa da su ba ta je ba. A gudun kilohaz 1000 abin ya ɗauki mintoci, ni da Baba muna zaune ba mai magana, har kalmar ta fito: VERIFIED, wato an tabbatar. Duk da haka na sake karanta ƙwayar da kaina na gwada hatiminta da na fayil ɗin da na haɗa. Ɗaya.

Na share tsohuwar dalma daga faranti, na duba hoton jiya, na zaunar da ita ɗigo na kallon inda yake, na bi ƙafafun da mita don kada biyu su haɗe. Na mayar da RAM da batirin agogo, na sa caja, na danna. Fanka ta juya, gilashi baƙi. Ta mutu da kanta, ta sake tashi. Baƙi. Na san tashin farko bayan sabon BIOS yana daɗewa, na'urar tana auna RAM ne daga farko, amma sani daban, zaman jira daban. Na ƙirga har wajen hamsin a zuci. Sai tambarin kamfani ya haska.

Na shiga BIOS na gyara kwanan wata da agogo, na ga siriyal ɗinta na nan yadda yake a takardar ƙasa. Na mayar da faifai, Windows ta tashi da lasisinta, kundin yana inda ta bar shi. Na bar ta tana aiki awa biyu a kan tebur don in ga ko za ta mutu da kanta, ba ta mutu ba.

Da yamma ta zo da yayarta. Ta buɗe jaka za ta ciro kuɗi, na ce ta mayar, ta haɗa su da abin da zan ƙara mata mu aika Yamai a sayo batiri, a sa a mota, in Allah ya so cikin mako ya iso. Kafin nan na rufe hanyar da Windows ke bi ta sabunta BIOS da kanta, na ce in wani saƙo ya fito wanda ba ta gane ba ta ɗauki hotonsa ta turo mini. Ta ce, "To Yaya. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci." Ta juya ta durƙusa ta gaida Baba, don na gaya mata mitarsa ce ta gano ciwon.

Bayan sun tafi Baba ya miƙe ya jawo wani kwali daga saman kanta, ya hure ƙurarsa. Dikodojin tauraron ɗan'adam ne guda shida, duk masu tsayawa a kan jar fitila, masu su sun gaji da zarya sun bar su. Ya kwance na farko, ya nuna mini ƴar baƙar ƙwaya mai ƙafa takwas kusa da babbar, ya miƙo mini gilashin ƙara gani.

"Karanta mini bayanta."

25Q32 ce, megabayit 4, bolt 3.3. Ya kunna na'urar iska mai zafi da kansa, ni kuma na buɗe sabon wurin ajiya a Pi na rubuta masa suna dikoda1.